Damben Jiya da Yunwar da Ke Bayansa

(Kiɗan kalangu na ɗan lokaci, sannan ya lafa)

Jama'ar Anka da Gummi da Bukkuyum, da na ƙauyukan bakin gulbin Zamfara da gulbin Ka, da duk wanda muryar nan ta iske a gida ko a gona ko a rumfar kasuwa, barkanmu da war haka. Samari, ku matso kusa da rediyon, don kaso mafi tsoka na maganar yau naku ne.

Dambe za mu taɓa. Duk majalisar da aka ɗauko hirar dambe, kun san inda take dosa. Dattijo ya ce yaran yanzu wasa suke yi, da a zamanin gwanin dambe Shago ne ko turmi ɗaya ba za su kai ba. Saurayi ya ce, "Baba, ku labari gare ku, mu kuwa namu yana cikin waya, kowa na iya gani." A yi ta ja har a kira salla. Wannan gardama ba ta dame ni ba, daɗinta ma nake ji. Abin da ya dame ni wata magana ce da ake yawan cusawa a tsakiyarta, wai mazan jiya wahala ce ta yi su. Ba su ci mai kyau ba, ba su kwana a katifa ba, ba su san likita ba, wai shi ya sa suka fi ƙarfi. Yaro ya ji haka sai ya ɗauka yunwa ma horo ce. Ni ban yarda ba. Talauci yana tura mutum cikin fage, wannan gaskiya ne. Amma bayan ya tura shi, shi ne kuma ke bin sa yana rage masa ƙarfi, yana taƙaita masa shekarun wasa.

Mu fara da lokacin da ake wasan. Damben gargajiya wasan kaka ne. Sai an yi girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, manomi ya sami abin kyauta, sannan ake buga kalangu a kira maza. To, ku dubi jikin da ke zuwa fagen. Mutum ne da ya fito daga watannin shuka da noma da maimai da huɗa, kuma waɗannan watanni su ne daidai lokacin da hatsin bara yake ƙarewa. Iyayenmu sun san tsakiyar damina kafin sabon gero ya nuna, lokacin da tafasa da rama ke riƙe gida, tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Aiki ya kai maƙura, abinci ya yi ƙasa. Jiki rumbu ne, abin da ka zuba shi za ka ɗiba, kuma idan aka daɗe ana ɗiba ba a zubawa, naman jikin ne da kansa yake narkewa ya biya bashin. Saboda haka ɗan damben da ke ɗaura zare a farkon kaka yakan zo ne da ramar damina a jikinsa. Furar sabon gero ta makonni kaɗan ita ce duk shirin da ya samu.

A nan ne nake ganin hikimar da ta haɗa dambe da mahauta. Kowa ya san asalin wasan na rundawa ne. Su ne mutanen da nama ke ratsa hannunsu a garin da talaka ke jiran salla kafin ya ci tsoka. Ɗan mahauci yana samun kayan ciki, da hanta mai ƙara jini, da ɓargo, da romon kai da ƙafa. Aikinsa kuma kokawa ce da dabba: a kama sa, a kayar, a ɗaure, a feɗe, a saɓa cinya a kafaɗa zuwa rumfa. Cikinsu ne ake samun masu hawan ƙaho. Ga abinci, ga aikin ƙarfi, ga sabo da jini. Da yunwa ce ke yin ɗan dambe, ai da gidan da ya fi kowa rashin nama ne zai fi fitar da gwanaye. Amma kada mu kai mahaucin ƙauye inda bai kai ba. Yanka sai ranar kasuwa, dabbar ma sau da yawa bashi ce, sai an sayar a biya mai ita. Ranar da nama ya yi kwantai, asara ce ta hau kansa. Shi ma talaka ne, sai dai tukunyarsa ta fi ta maƙwabcinsa maiƙo.

Sai horo. Babu wani gida da aka keɓe, babu buhun duka a rataye, babu mai riƙe agogo. Gona ce ke ba da ƙarfin baya da na kafaɗa, tafiyar ƙasa ke ba da numfashi. Wannan ƙarfi ne na gaske, kuma a nan dattawa suna da hujja: saurayin da ya tashi da galma a hannu ya fi wanda ya tashi a kan babur juriya. Sai dai ƙarfin noma daban, iya dambe daban. Noma ba ya koya maka kauce wa hannu, ba ya koya maka auna tazara, ba ya koya maka lokacin da za ka saki naka. Wannan sai a wurin maigida. Yaro ya bi wani gwani, ya ɗaukar masa jaka, ya taya shi naɗe hannu, ya zauna bakin fage yana kallo. Har yau sunayen 'yan wasa suna nuna wannan tsari, ka ji Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Makaranta ce mai kyau, amma darasinta na zahiri a cikin fage ake ɗaukarsa, a gaban jama'a, da hannu ɗaurarre na gaske. Duk kuskuren da ɗan damben zamani zai yi sau ɗari a wurin atisaye da hular kariya a kansa, yaron jiya da muƙamuƙinsa ya biya shi.

Ga kuma rashin ma'auni. Ido ne ke haɗa abokan karawa, ido kuwa yana ruɗuwa, musamman idan makaɗi ya ɗauki zuga. Mai abin hannunsa yana iya duban ƙaton da aka tsayar masa ya ce yau ba ya jin wasa. Wanda ya taho daga nesa da aljihu wayam, yana sa ran abin da zai koma da shi gida, ina ya ga bakin ƙi? Idan ya noƙe, ga kunya gaban 'yan mata da maroƙa, ga hannu banza. Sai ya shiga.

Ku tuna kuma yadda ake zuwa wasan. A ƙafa ake tafiya, daga baya a bayan babbar mota tare da buhuna da awaki. A sauka a zauren Sarkin Fawa ko a rumfar kasuwa, a kwana kan tabarma cikin sanyin hunturu da sauro, a ci abin da aka samu. Gobe a sa zare, jibi a kama hanyar wata kasuwa. Kaka gajera ce, dole a tara abin da za a tara kafin hannun manoma ya bushe. Hutu a wannan lokaci asara ce.

To, a nan ne ɓarnar take, kuma ina so ku ba ni kunnuwanku sosai. Ƙasusuwan bayan hannu ƙanana ne, zare kuma ba ya kare su, taurin dunƙulen kawai yake ƙarawa. Idan ɗaya ya tsage, yana bukatar wajen mako shida kafin ya haɗe. Mai ɗori zai yi nasa aikin, kuma akwai gwanaye a cikinsu, amma wane ɗan dambe ne zai zauna mako shida a tsakiyar kaka? Bayan mako biyu ya kwance karan ɗori ya ɗaura zare. Ƙashi ya sake buɗewa, ya haɗe a karkace. Daga nan hannun ba ya komawa yadda yake, mai shi ya riƙa jin tsoron sakinsa da ƙarfi, 'yan kallo su ce wane ya yi sanyi.

Raunin kai ya fi wannan muni, domin ba a ganinsa. Idan aka buge mutum ya faɗi ya suma, ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza ta bugi ƙoƙon kai daga ciki. A yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya miƙe yana murmushi don kada a ce ya ji jiki. Amma ciwon yana nan, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kashewa. Wanda ya tara irin wannan shekara da shekaru, sai a ga tun bai tsufa ba hannunsa na rawa, bakinsa ya yi nauyi, yana tangaɗi, yana mantuwa, yana faɗa ba dalili. Tun a 1928 wani likita a Amurka mai suna Harrison Martland ya rubuta bayanin wannan larura a jikin tsofaffin 'yan damben can. A ƙauyukanmu kuwa me ake cewa? An yi masa sammu, ko abokin hamayya ya jefe shi, ko iska ta taɓa shi. Sai a kwashe ɗan abin da ya rage a kai wurin mai magani.

Tunda mun zo kan kuɗi, bari mu bi sawunsu. Ranar da ɗan dambe ya yi kisa mai kyau, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, za a yi masa kari, wani ya ba da riga, wani kuɗi, wani babban mutum ya yi kyautar dabba. Kafin gari ya waye an raba. Makaɗi da 'yan amshinsa suna da nasu, kuma dole a ba su da yawa, don wanda bai yi kyauta ba sunansa ba ya shiga waƙa. Maigida yana da nasa. Yaran da suka rako shi suna da nasu. Sai mai laya da guru da kambu, da mai tsaga hannu ya zuba magani. Ba zan shiga tsakanin mutum da abin da ya gaskata ba, amma ina da tambaya: kuɗin da aka kai can, da an sayi wake da nono da su fa? Aska ɗaya kuma da za a tsaga mutum biyar da ita, yau mun san hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Abin da ke isa gida daga duk wannan hidima bai taka kara ya karya ba, shi ya sa kaka mai zuwa dole a sake fita, ko jiki ya yarda ko bai yarda ba.

(Kiɗa kaɗan)

Masu saurare, me ya sa duk da haka muke ganin mazan jiya duk ƙarfafa ne? Domin waɗanda aka yi wa waƙa kaɗai muke tunawa. Allah ya jiƙan makaɗi Ɗan Anace. Shi ya ɗauki Shago da Ɗan Dunawa da Ado Ɗan Kware ya ajiye su inda mantuwa ba ta kai wa, har yaron da aka haifa jiya ya san sunansu. Sun cancanta, babu ja. Amma a bayan kowane ɗayansu akwai samari da yawa da suka fara tare, wani hannu ya karye a kakarsa ta biyu, wani ido ya tafi, wani ciwo ya kwantar da shi. Makaɗi ba ya yi wa waɗannan waƙa. Idan muka auna zamanin da da gwanaye uku ko huɗu, muka auna na yanzu da duk wani yaro da muka gani a waya, awon bai yi adalci ba.

Ku tuna ma da cututtukan da suka yi zamani da su. Kurkunu kaɗai ya isa misali. Mutum ya sha ruwan tafki, bayan kusan shekara tsutsa ta fasa ƙafa, ya kwanta makonni ko watanni ba ya iya taka ƙasa. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 ta sami mutum fiye da dubu 650 da wannan ciwo, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi a ƙasar nan. Ga tsargiya a garuruwan bakin gulbi, ga zazzaɓin cizon sauro, duka masu shan jini ne, mai ƙarancin jini kuwa tun a turmi na biyu yake haki. Ga shekarun fari, irin na 1973 zuwa 1974 da na 1984, da shanu suka mutu, gonaki suka ƙone. Shekarar da babu girbi babu kakar dambe, mazaje sun watse cin rani.

Wani zai ce wannan duk hasashe ne, tunda ba za mu iya ɗauko mutum ɗaya mu gwada shi cikin wahala, mu sake gwada shi cikin wadata ba. To, akwai wanda rayuwa ta yi wa wannan gwaji, kuma ɗan ƙasar nan ne, sai dai damben Turawa ya yi. Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger, an haife shi a 1929 a ƙasar Ibo, ya taso yana neman na abinci a kasuwar Aba. A 1955 ya tafi Liverpool ta Ingila neman sa'a. Ga sanyin da bai saba da shi ba, ga abincin da bai karɓe shi ba, ga aiki a masana'antar fenti da rana, atisaye sai da yamma da ragowar ƙarfi. Wasanninsa huɗu na farko a Ingila duka aka cinye shi. Da a nan ya tsaya, da an ce ba shi da hannu. Sai ya sami masu kula da shi da suka san aiki, horo ya daidaita, a 1958 ya ci kambin ƙasashen renon Ingila, ya wuce Amurka. A 1962 ya doke Gene Fullmer ya zama zakaran duniya na matsakaicin nauyi, a watan Agustan 1963 ya sake doke shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, a 1966 kuma ya hau ajin da ke sama ya karɓe kambi daga hannun José Torres. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, zuciya ɗaya. Abin da ya sauya shi ne ci da hutu da mai koyarwa. Ƙarshensa kuma akwai ban tausayi: yaƙin basasa ya cinye dukiyarsa, ya koma gadi a wani gidan tarihi a New York, ciwon hanta ya ɗauke shi a 1971 yana da shekara 42.

A damben Turawa ma talauci ne ke sa yawan wasa. Sugar Ray Robinson ya yi wasa wajen 200 a rayuwarsa, alhali zakarun yau sau biyu ko uku suke fita a shekara.

Yanzu mu dawo gida. Dambe ya koma birni, ana biyan kuɗin ƙofa a Dei-Dei ta Abuja da dandalin Ado Bayero a Kano, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa suna karawa rani da damina. Ana cin babur, ana cin mota, ana kallo a YouTube har ƙasashen waje, wasu masu shirya gasa sun fara kawo ma'auni da ma'aikatan lafiya. Kuɗi sun ƙaru, amma hutun da damina ke tilasta wa mazan jiya ya tafi. A yankinmu kuma talaucin sabon kaya ya sa. Rashin tsaro ya hana noma a wurare da yawa, ya tayar da ƙauyuka, saurayin da ya kamata galma ta gina shi yana zaune a gudun hijira ko yana cikin ramin zinariya.

Ramin nan kuwa mun san abin da ya jawo mana. A 2010 aka gano gubar darma a Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, da wasu ƙauyuka, ta hanyar niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu, dubbai kuma aka yi musu magani da taimakon ƙungiyar likitoci ta MSF. Waɗanda suka tsira a lokacin yau samari ne, daidai shekarun ɗaura zare. Darma tana rage jini, tana raunana jijiyoyi har wuyan hannu ya saki, tana taɓa ƙoda, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙanena, idan kana aikin dutse kuma kana dambe, kana haɗa wa kanka duka biyu ne, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje. Kada ka kai dutse ko kayan aikin rami cikin gida, ka yi wanka ka sauya tufa kafin ka taɓa abinci ko yaro, kuma ka nemi a auna jininka a asibiti.

Sai ƙwaya. Tramadol ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo take yi, ciwo kuwa shi ne ke gaya maka hannu ya tsage ka tsaya. Tana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Kuɗin da za ka ba mai ƙwaya, ka kai wa mai awara da mai ƙuli-ƙuli. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono, zogale, da kifin gulbi ga mutanen Gummi, duka suna gina jiki, kuma ba su fi ƙarfin talaka ba kamar nama. Ka sha ruwa mai tsabta da yawa, ka yi barci.

Iyayenmu sarakunan fawa da sarakunan dambe, ranku ya daɗe, akwai abu biyu da ke hannunku da ba sa bukatar gwamnati. Na farko ma'auni. Sikelin da ake auna buhu da shi a kasuwa ya isa a auna samari kafin a haɗa su. Na biyu hutu. A damben duniya, wanda aka buge ya suma ba ya komawa fage sai bayan aƙalla kwana 30. Idan kuka ce haka za a yi a fagenku, babu yaron da zai ji kunyar zama, tunda doka ce ta zaunar da shi ba tsoro ba.

Ga 'yan uwa da abokan ɗan wasa kuma, wanda aka buge a ka kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a daren. Idan yana amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya danne shi ana tashinsa da ƙyar, ko yana magana ba kan gado, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, jini ne mai yiwuwa ke taruwa a cikin kai. Kada a tsaya turare ko jiƙo, kada a jira gari ya waye. A nemi abin hawa a kai shi babban asibiti mafi kusa, a kuma gaya wa ma'aikata ƙarfe nawa aka buge shi da tsawon lokacin da ya yi a sume.

Nan za mu dakata.

(Kiɗan rufewa)